Ƙusa Ashirin da Huɗu

Ƙarfe goma da rabi na safiyar Talata aka bugo waya caji ofis cewa wani ma'aikacin kamfanin inshora ya faɗo daga saman rufi, an kwashe shi ranga-ranga zuwa asibiti. Mai bugowar bai tsaya nan ba, har hukunci ya yanke: matar gidan ce ta ture tsanin da ya hau.

Sufeto ya ajiye wayar ya ja tsaki. A duniya ba abin da ya tsana kamar a riga shi gano mai laifi. Shekara ashirin da biyu yana aikin nan, ya kuma lura cewa duk shari'ar da 'yan kallo suka gama kafin ya iso, ita ce ke zame masa ƙarfen ƙafa.

"Saje, ɗauko mukullin mota."

Saje doguwar mace ce marar yawan magana, amma in ta yi ɗaya tak sai mutum ya yini yana jin zafinta. Ta ɗauko mukulli da littafinta suka fita.

Tun daga bakin layi suka gane gidan. Rabin rufinsa koren kwano ne, rabi kuma tamfol da aka danne da tsofaffin tayoyi da bulo. Jama'a sun cika ƙofar, kowa na ba kowa labarin abin da bai gani ba. A ƙasa ga kwaɗon ƙofa da aka ɓalle da ƙarfi. A bayan gidan, dab da wata gajeriyar katanga da ta raba shi da wani kango, ga tsanin katako a kwance, ga jini a kan siminti.

Falon kuwa kamar rumfar mai sayar da robobi. Bokiti a kan kujera, baho a gaban talabijin, tukunya a kan tebur. Silin ya kumbura ya yi baƙi. A tsakiyar wannan duka wata dattijuwa ce zaune, gaban rigarta jage-jage da jini. Tsohuwar ungozoma ce da ta yi ritaya daga asibiti. Rabin yaran layin a hannunta suka zo duniya, amma layin gaba ɗaya tsoron bakinta yake ji.

"Mama, ke ce mai gidan?"

"A'a, wucewa nake na shigo kallo. Wace irin tambaya ce wannan?"

Sufeto ya haɗiye abin da ya taso masa. "Me ya haɗa ki da kamfanin?"

"Zalunci! Shekara goma sha ɗaya ina biyan inshorar gidan nan, ko wata ɗaya ban taɓa tsallakewa ba. Wata uku da suka wuce iska ta zo ta yaye mini rufi, layin nan kaf shaida ne. Suka aiko wani ɗan gayu ya duba. Sai ga takarda wai ba za su biya ba, wai ba iska ba ce, da hannu aka zare ƙusoshin. Ni da ko kujera ba na iya hawa saboda gwiwa! Wasiƙa bakwai na rubuta kafin babban ofishinsu ya turo wannan tsohon ya sake dubawa."

"An ce kin yi masa barazana da ya iso."

"Ƙarya ne."

Saje ta buɗe littafinta. "Mutum huɗu sun ji kin ce in bai rubuta gaskiya ba, ba zai fita gidan nan da ƙafarsa ba. Kuma da ƙafarsa bai fita ba, Mama."

"To, na faɗa. Baki ne, ba hannu ba."

"Ƙofar gida fa, wa ya kulle ta daga ciki?"

"A buɗe take."

Saje ta matso kusa. Ta miƙa hannu ta taɓa gefen mayafin dattijuwar, inda aka ƙulle wani ɗan mukulli. Ungozoma ta fizge mayafinta.

"Na kulle! Don kada ya gudu kamar na farkon, wanda ko injin mota bai kashe ba ranar da ya zo. Na nuna wa tsohon tsani, na shiga juya maigidana, mutumin da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar shekara biyu. Ina ciki na ji faɗuwa. Jinin nan da kuke kallo, kansa na tallabe ina tsayar da shi, sa'ad da 'yan gulmar nan ke ta dukan ƙofa."

Ƙarya biyu cikin minti biyar, ga barazana, ga kullen ƙofa, ga jini. Sufeto ya ji haushinta ƙwarai, don ya ga alamar mace ce da za ta iya kai kanta kurkuku da bakinta ba tare da taimakon kowa ba. Amma maganar injin motar nan ta tsaya masa a rai.

Suna cikin haka sai ga manajan kamfanin ya shigo yana toshe hanci da hankici. A bayansa akwai wani saurayi fes-fes, takalminsa mai tsini sai ƙyalli yake, hannunsa na hagu a cikin aljihu.

"Ga shi nan!" Ungozoma ta miƙe. "Ga ɗan gayun da ya yi mini sharri!"

"Ka gani ko, Sufeto?" in ji Manaja. "Haka muke fama. Matar nan ta zare ƙusoshin rufinta don ta ci kuɗin kamfani, jami'inmu ya kama ta. Yau Baba Alli ya zo zai tabbatar, ta ture shi. Ina kyamararsa? Ina littafinsa? Ta ɓoye. Me kake jira?"

"Ina jiran ka gama koya mini aikina. Wane ne Baba Alli?"

"Wanda ya faɗon. Haka ake kiransa, kullum aljihunsa cike da alli. In ya gama duba rufi sai ya rubuta hukuncinsa a jikin kwanon ya ɗauki hoto, wai don kada a canza masa rahoto a ofis. Tsufa ne kawai."

Sufeto ya juya ga Ɗan Gayu. "Kai ka kawo shi?"

"Ni na sauke shi ƙarfe tara, ranka ya daɗe, na koma ofis. Ta ce in na sake taka ƙofarta za ta watsa mini ruwan zafi." Yana magana yana leƙen sama ta taga, inda hadari ya fara haɗuwa daga gabas. "Da alama dai yau za a sha ruwa."

Wayar Manaja ta yi ƙara. Ya saurara, ya yi salati a hankali, ya sauke ta. Baba Alli ya cika kafin a shiga da shi ɗakin tiyata.

Yanzu magana ta zama ta kisa, kuma Sufeto ba shi da zaɓi. Ya ce wa Saje ta kai dattijuwar caji ofis. A karo na farko muryar Ungozoma ta karye.

"Wa zai juya shi? Duk awa biyu ake juya shi, in ba haka ba bayansa gyambo zai yi. In ruwa ya sauko wa zai ja gadon daga wurin yoyo?"

"Za a kira 'yarki," in ji Saje. "Mu je."

Da aka watse, Sufeto ya tada tsanin ya jingina. Mahaifinsa kafinta ne, kuma kafin ya sa kaki ya yi shekara shida yana miƙa masa ƙusa a saman gidajen mutane. Ya cire takalmi, ya hau, ya riƙa taka layin ƙusa kawai, inda katako yake a ƙarƙashi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ya ɗaga tamfol ɗin gefen gabas. Kwanon ya yayyage, amma ƙusoshin suna nan daram a cikin katako, kowace riƙe da ɗan guntun kwano a ƙarƙashin hularta, duk sun yi tsatsa. Ya ji muryar mahaifinsa kamar yana kusa: iska ba ta da haƙurin zare ƙusa, yage kwano take yi ta bar ƙusa a inda take. An zagaye da yawansu da farin alli.

Gefen yamma kuwa labari ya sha bamban. Nan babu ƙusa, sai ramuka, kuma gefen kowane rami kwanon ya lotsa inda aka danna kan guduma. Ya sa ido a rami ɗaya. Katakon ciki fari tas, a bushe, har da ɗan gari-gari. Wata uku ana ruwa, ramin da ya sha damina baƙi yake yi. Ruwan ƙarshe ranar Alhamis aka yi shi, ke nan waɗannan ramuka ba su wuce kwana huɗu ko biyar ba.

Baba Alli ya sa wa kowane rami lamba da alli. Lamba ta ƙarshe ashirin da huɗu ce.

Akwai ƙari. Wanda ya yi aikin ya bi ta tsakiyar kwano, inda babu katako, ya bar lotsawa jere-jere tun daga gefen kangon. A bakin wani kwano kuma ga busasshen jini, wanda ba na yau ba. Can kusa da tsororuwar rufin ga wani rubutu da manyan baƙaƙe. Sufeto ya karanta shi sau biyu, sannan ya ɗauki hotonsa da waya har sau uku. Ya ɗauki hoton komai, don iska ta fara kaɗa tamfol.

Da ya sauko ya tarar da 'yar Ungozoma ta iso, tana ɗakin mahaifinta. Ta yi masa kallon da ake yi wa maciji.

"Kun kama uwata, yanzu kuma uban kuka zo ɗauka?"

"Tambaya zan yi masa."

"Ba ya magana."

"Amma yana ji."

An ja gadon tsohon zuwa kusurwa ɗaya tilo da ba ta yoyo. Ramamme ne, bakinsa a karkace, idanunsa kuwa raɗau. Ba wanda ya tuna da shi a matsayin shaida, alhali shi kaɗai ne ba ya fita daga gidan. Sufeto ya durƙusa ya kama hannunsa mai lafiya.

"Baba, in eh ne ka matse hannuna. Kafin yau, ka ji ana tafiya a saman rufi?"

Tsohon ya matse.

"Asabar? Lahadi? Jiya?" Shiru. "Juma'a?"

Ya matse da ƙarfin da Sufeto bai zata ba, ya yi wani gurnani, hawaye ya gangaro masa.

'Yar ta dafe ƙirji. "Juma'a ai Mama ba ta nan. An kira ta daga kamfanin wai ta zo zama da Manaja ƙarfe goma, aka shanya ta a benci har ƙarfe biyu, ba wanda ya gan ta. Da ta dawo ta ce Baba na ta nuna sama yana kuka, ta ɗauka yoyon yake wa."

"Wa ya kira ta?"

"Wannan mai takalmin."

Tsanin da Baba Alli ya hau na wani kafinta ne mai shago daura da kangon. Sufeto ya same shi yana goge katako, kansa a sunkuye kamar bai san an yi mutuwa a layin ba.

"Ni ban ga komai ba, Yallaɓai. Mama ta ari tsani jiya, shi ke nan."

"Ranar Juma'a fa?"

"Ba na gari."

"Mai shagon gefenka ya ce Juma'a ka yini kana haɗa wannan ƙofar." Sufeto bai tambayi kowa ba, amma ya san mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. "To bari in gaya maka. An zare ƙusa ashirin da huɗu a rufin can ranar Juma'a. Kai ne mai tsani, kai ne mai guduma, kai za a ba aikin gyara in an biya. Kai ka yi."

Ya nuna masa hotunan. Kafinta ya karɓi wayar ya duba, sai fuskarsa ta canza daga tsoro zuwa fushi zalla.

"Ni? Ni zan yi wannan ƙazamin aiki? Yallaɓai, ka zage ni ta uwa ta uba, amma kada ka ce wannan hannuna ne! Wa ke zare ƙusa bai sa guntun katako a ƙarƙashin guduma ba? Dubi yadda ya lotsa kwano! Kuma ya bi ta tsakiya kamar akuya! Shekara talatin ina hawa rufi, ko a mafarki ban taɓa taka tsakiyar kwano ba."

"Na sani. To wa ka ara wa guduma?"

Kafinta ya ga ya faɗa rami da ƙafarsa. Ya zauna a kan benci.

"Jami'in inshorar nan ne, mai takalmi. Ya ce zai gwada ƙarfin katako, aikin ofis ne, kada in gaya wa kowa. Ya shiga ta kango. Da ya dawo hannunsa na jini, ni na ba shi tsumma."

"Wata uku da suka wuce, ya ari tsaninka?"

"Ina fa! Gilashin mota kawai ya sauke ya ɗaga kai. Ana yayyafi ranar."

"Yau fa?"

"Na ga motarsu a bayan kango wajen ƙarfe goma saura. Wallahi iyakar abin da na gani ke nan. Tsoro na ji, tsanina ne fa mutum ya mutu a kai."

"Kuma ka bar tsohuwa ta tafi bayan kanta."

"Ai bakinta ne, Yallaɓai. Ranar nan ce mini ta yi..."

"Rufe mini baki. Kulle shagon ka bi ni."

Ƙarfe uku da rabi Sufeto da Saje suka shiga ofishin inshorar, suka bar kafinta a mota. Wuri ne mai sanyi, kujeru masu laushi, a bango ga ƙaton hoton wani iyali suna dariya a ƙarƙashin lema. Kusa da shi ga hoton Ɗan Gayu a firam, an rubuta gwarzon ma'aikaci na shekara.

"Me ya yi ya zama gwarzo?" Saje ta tambaya.

"Ya fi kowa kama masu ƙaryar ɓarna," in ji Manaja da alfahari. "Fayil talatin da ɗaya ya rufe a bana."

Sufeto ya nemi fayil ɗin Ungozoma. Manaja ya ce sirrin kamfani ne, sai da lauya. Sufeto ya ce ba damuwa, sai su tafi caji ofis gaba ɗaya su jira lauyan a can. Cikin minti ɗaya fayil ya fito, aka kira Ɗan Gayu. Ya shigo hannunsa na hagu har yanzu a aljihu.

"Wannan rahotonka ne, na wata uku da suka wuce?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Ka hau rufin da kanka?"

"Ƙwarai."

"Da wane tsani?"

"Na... na wani maƙwabci."

"Wannan hoton da ka liƙa, rufinta ne?"

"Shi ne."

"Ga tankin ruwa a gefen hoton. Na hau rufin nan yau, ban ga tanki ba. Ko shi ma iskar ta tafi da shi?"

Manaja ya jawo fayil ɗin ya ƙura wa hoton ido. Ɗan Gayu ya ce mai yiwuwa hotuna ne suka cakuɗe a kwamfuta.

"Mai yiwuwa. Karanta mini layi na huɗu."

Ya karanta. "An samu ƙusa ashirin da huɗu da aka zare da hannu a gefen yamma."

"Daidai. Na ƙirga, ashirin da huɗu cif, ba ƙari ba ragi." Sufeto ya ajiye wayarsa a kan tebur. "Sai dai ramukan na ranar Juma'a ne. Ko ɗigon ruwa bai taɓa shiga cikinsu ba. To ka gaya mini, yaya aka yi ka ƙirga ramuka wata uku kafin a yi su? Duba irin na boka kake yi, ko inshora?"

Manaja ya juya ya dubi jami'insa.

"Ita ta zare su daga baya," in ji Ɗan Gayu.

"Ta zare don ta gaskata takardar da ta hana ta haƙƙinta? Ranar Juma'ar da kai ka kira ta ka shanya a bencin can? Manaja, ka shirya zama da ita ranar Juma'a?"

"Ni? Ban ma san ta zo ba."

"Kafinta in ya zo ɓarna, zarewa zai yi har ya gaji. Ɓarawo ma haka. Mutum ɗaya ne a duniya zai hau rufin mutane yana zarewa yana ƙirgawa, ya tsaya cak a kan ashirin da huɗu: wanda yake so rufi ya yi daidai da takarda. Fito da hannunka."

Bai motsa ba. Saje ta kama gwiwar hannun ta zaro shi. Tafin a naɗe yake da bandeji.

"Kwano ba ya son baƙo," in ji ta.

Ta karɓi mukullin motar kamfani ta fita. Ba ta yi minti biyar ba ta dawo da kyamara da wani ɗan littafi mai ƙurar alli, waɗanda ta samu a ƙarƙashin safayar taya. Ta ajiye su a gabansa, kafinta na biye da ita yana muzurai.

Ɗan Gayu ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa, takalma masu ƙyalli a miƙe.

"Ban yi niyyar kashe shi ba. Wallahi ban yi ba."

"Fara daga farko."

"Ranar da na je ana yayyafi, ina da gida shida da zan duba. Na rubuta daga mota, na sa hoton wani gida. Kullum haka nake yi, mutane sukan yi kuka su haƙura. Ita ce ta ƙi haƙura. Da na ji za a turo Baba Alli na san in ya ga rufin nan, fayil talatin da ɗayan nan duk za a buɗe su. Shi ne na je ranar Juma'a." Ya share hanci. "Yau na zagaya ta kango in ga yadda za ta kaya. Yana saukowa ya hango ni a bakin katanga. Ya ce, yaro, ramukan nan ba su kai mako ba, kuma hannun ɗan ofis ne. Ya ce in je in gaya wa Manaja da bakina kafin shi ya faɗa. Tsanin na kusa da hannuna. Ban san lokacin da na ja ba."

"Amma ka san lokacin da ka tsallaka ka ɗauki kyamara, mutum na kwance cikin jini."

"Na ji tana fitowa. Na san ya yi rubutu a sama, na ce ruwa zai wanke." Ya ɗago ya dubi Manaja. "Kai kake cewa duk fayil ɗin da aka biya asara ce! Kai ka rataye hotona!"

"Kul! Kada ka sa ni a ciki!" Manaja ya ja baya har ya bugi bango. "Ban taɓa ce maka ka yi ƙarya ba."

"Ba ka kuma taɓa tambayarsa yadda yake hawa rufi da takalmin nan ba," in ji Sufeto. "Za ka zo ka ba da bayani gobe, da fayil talatin da ɗayan."

Saje ta sa wa Ɗan Gayu ankwa. Aka bi da shi ta tsakiyar ofis, ta ƙarƙashin hotonsa, ma'aikata na leƙe daga bayan kwamfutoci. Suna kai shi mota ruwan da saurayin ya yini yana jira ya ɓarke.

Sufeto da kansa ya mayar da Ungozoma gida. Tun daga bayan kanta take faɗa, a mota ma ba ta tsagaita ba. Ta zagi kamfanin, ta zagi 'yan sanda, ta zagi kafinta da zuriyarsa.

"Duk jirgi ɗaya ya kwaso su! Har shi tsohon, Allah ya ji ƙansa, amma da ya rayu abin da yaronsu ya rubuta shi zai maimaita. Na ga idonsa. Ina yi masa magana ko uffan bai ce ba, sai murmushin rainin hankali."

Suka shiga falo. Ruwa na zuba a bokiti da baho da tukunya, kowanne da irin ƙararsa. 'Yar na ta kai da kawo da tsumma. Sufeto ya ji ya gaji da wannan baki, gajiya ta gaske. Ya zaro wayarsa ya buɗe hoton rubutun nan na saman rufi.

"Mama, allin da ke sama ruwa ya wanke shi yanzu. Wannan ne ya rage, da wanda ke cikin kyamararsa. Minti kaɗan kafin ya sauko ya rubuta shi."

Ta karɓa tana harararsa, ta nisanta wayar daga idonta. A jikin koren kwanonta, da manyan baƙaƙe na farin alli, an rubuta: ISKA CE. MATAR NAN GASKIYA TA FAƊA. A BIYA TA. A ƙasa ga kwanan wata da sa hannu.

Ungozoma ta sake karantawa. Wata uku tana ihu a yarda da ita, ashe mutum ɗaya da ya yarda, shi ne wanda ta kulle wa ƙofa ta yi wa mugun baki, ya kuma zubar da jininsa a cinyarta bai samu ya gaya mata ba. Ta zauna a hannun kujera, ruwa na ɗiga a kafaɗarta ba ta kauce ba.

"Ko ruwan sha ban ba shi ba," ta ce a hankali.

Can ta miƙe ta shiga ɗaki, suka ji ta tana juya maigidanta, tana gyara masa matashi. Ta fito ta canza riga, ta ɗauki lema.

"Sufeto, yana da iyali?"

"Mata da 'ya'ya huɗu."

"Ka tura wa 'yata hoton nan. Sannan in ba za ka damu ba, ka kai ni gidansa. Su san abin da ya rubuta kafin kamfani ya je ya ba su nasa labarin."

Sufeto ya dubi agogo, ya dubi rahoton da ke jiransa a ofis bai fara ba. Ya karɓi lemar daga hannunta, ya buɗe, ya riƙe mata har bakin mota.